Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mai Girma Ministan Muhalli Kan Tallafin Karatun Ɗaliban Gandun Daji

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malamai ne da masu bincike a fannin gandun daji da kare halittu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake tsara tallafin karatu ga ɗalibanmu. Ana auna ɗalibin gandun daji da mudun wanda karatunsa ke ƙarewa tsakanin aji da laburare: a biya kuɗin makaranta, a ba shi ɗan alawus, a ce an sallame shi. Alhali rabin iliminsa a daji yake, shiga daji kuwa sai da guzuri.

Kun fi mu sanin girman aikin da ke jiran waɗannan matasa. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce dazuzzukan duniya sun kai hekta biliyan 4.06, kuma an share kimanin hekta miliyan 420 tun daga 1990. A yarjejeniyar Kunming da Montreal ta 2022 ƙasashe sun yi alkawarin killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030. Duk wannan alkawari sai an samu wanda zai shiga da ƙafarsa ya auna, ya ƙirga, ya dawo da lissafin da za a yarda da shi. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna inda kore yake, amma ba ya faɗin ko wace itaciya ce, ko kaurinta, sai an gwada shi da awon ƙasa.

Bari mu nuna muku abin da awon nan ke ci. Ɗalibin da zai binciki yadda daji ke girma yakan kafa fili na dindindin mai hekta ɗaya, mita 100 kowane gefe, ya yanka shi gida 25 masu mita 20 kowane gefe. Duk itaciyar da kaurinta ya kai santimita 10 sai an auna ta da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a shafa fenti daidai inda aka auna, a kafa mata lamba da ƙusar alminiyum. Ƙusar ƙarfe tsatsa take yi ta ɓata jikin itacen, lambar kuma ta faɗi. Fentin nan ba ado ba ne. Itatuwa da yawa 'yan milimita kawai suke ƙarawa a shekara, don haka in tef ya goce sama ko ƙasa a awo na biyu, kuskuren zai iya fin girman da ake nema. Itaciya mai faffaɗan gindi sai an hau tsani an auna ta sama da inda gindin ya baje. Ga kamfas, ga na'urar GPS, ga abin auna tsawo, ga allunan matse ganye domin a kai wa masana su tabbatar da sunan tsiron. Samfurin katako kuma sai ya kwana a na'urar busarwa a zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, kafin a san yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Mutum ɗaya ba ya wannan aiki. Ana buƙatar mai riƙe tef, mai rubutu, mai kafa lamba, da ɗan yankin da ya san hanya da sunayen itatuwa, kuma kowannensu yana da haƙƙin ladansa.

In ba a ware kuɗin wannan ba, mun san abin da ke biyo baya. Ɗalibi ya rage filaye daga goma zuwa biyu, ya zaɓi na bakin titi saboda nan kuɗin motarsa ya tsaya, alhali dajin bakin titi shi ne wanda gatari ya fi taɓawa. Ko ya watsar da awon baki ɗaya ya koma raba takardun tambayoyi. Digiri zai fito, amma mai shi bai taɓa kafa fili ba, kuma shi za a damƙa wa gandu gobe. Shawararmu ita ce a ware aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kowane tallafi domin aikin daji kaɗai, a rubuta shi daban, kada ya narke cikin kuɗin makaranta.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi kowace ci mana tuwo a ƙwarya. Kasafin kuɗi yana bin kalandar ofis, daji kuwa yana bin ruwa da rana. Itaciya tana fure da 'ya'ya a lokacinta, kuma akwai irin da ba ya jure bushewa, in ya faɗo aka bar shi 'yan makonni ya mutu, ba ya ajiyuwa. Tsiro yakan yi watanni a wurin reno kafin ya isa dashe, dashen kuma sai ƙasa ta jiƙu. Ba a sanin nasarar dashe sai an ƙirga waɗanda suka tsallake ranin farko. Saboda haka kuɗin da ya makara da wata biyu shekara guda ya cinye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon a riƙa sakin kuɗin aikin daji wata biyu kafin ranar da ɗalibi da malaminsa suka rubuta a tsarin bincike, kuma in damina ta gaza ko hanya ta yanke, a yarda da ƙarin wata shida ba tare da an mayar da shi layin masu neman sabon tallafi ba. Digirin digirgir da ya dogara da awo biyu a shekaru daban ba ya shiga tallafin shekara biyu, komai ƙwazon mai yin sa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da manyan bincike. Takardar izinin shiga gandu da ta ɗibar samfur sukan ɗauki lokaci, kuma fitar da samfur zuwa wata ƙasa yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin albarkatun halittu, da ta fara aiki a 2014, da ta CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, in nau'in yana cikin jerinta. Ma'aikatarku na iya haɗa izinin da takardar tallafi a rana ɗaya. Akanta yana neman rasit, amma mai kwalekwale da ɗan jagora ba su da rasit. A amince da takardar biya mai sa hannun wanda ya karɓa da shaidar malami. Inshorar lafiya, akwatin agajin gaggawa da takalmin da ke kare saran maciji su zama wajibi. Ɗalibai mata kuma a tanadar musu masauki mai tsaro da abokiyar tafiya, domin rashin wannan kaɗai ya isa ya sa iyaye su ce a'a.

Ba sabon abu muke ƙirƙira ba. Hukumar ITTO ta katakon ƙasashe masu zafi, da ke Yokohama a Japan, tana ba da tallafi tun 1989, wanda ba ya wuce dala 10,000, domin gajeren horo, bincike da rubuta kundi. Kuɗin ba shi da yawa, amma an ɗaure shi da aiki takamaimai. Hukumar DAAD ta Jamus tana ɗaukar nauyin digiri na biyu a gandun dajin ƙasashe masu zafi a jami'ar Dresden, tana kuma neman mai nema ya yi aiki na shekara biyu tukuna. Wannan sharaɗi yana da ma'ana, sai dai ku lura: irin waɗannan ƙofofi na wanda ya riga ya gama digirin farko ne. Ɗan aji biyu da aji uku, wanda a nan ake yanke shawarar zama a fannin ko sauya sheƙa, ba shi da mai tallafa masa sai gida. A nan ya kamata kuɗin gwamnati ya fi nauyi.

Wajen zaɓe, kada maki ya zama shi kaɗai ne alƙali. A ware gurabe ga 'ya'yan al'ummomin da ke zaune a gefen gandu, da malaman daji da suka daɗe a bakin aiki suna son ƙaro ilimi. In za a ɗaure wanda ya ci tallafi da sharaɗin yi wa hukuma aiki na wasu shekaru, mun yarda, muddin gurbin aikin yana nan ranar da ya gama. Kayan awo su koma ɗakin ajiyar sashe domin na baya, bayanan kowane fili da lambobin GPS ɗinsa kuma a miƙa kwafinsu ga jami'a da ma'aikata kafin a biya kashin ƙarshe, ta yadda wani ɗalibi zai iya komawa filin bayan shekara biyar ya sake aunawa.

Muna roƙon ku kira shugabannin sassan gandun daji na jami'o'i da jami'an kuɗin ma'aikatarku su zauna tebur ɗaya kafin a rufe kasafin baɗi. A shirye muke mu kawo lissafin kafa fili ɗaya dalla-dalla, daga ƙusa har ladan ɗan jagora.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wasu malamai da masu binciken gandun daji