Kada mu jira sai kare ya ciji yaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da mutanenmu ke jin nauyin ambata, wato lafiyar kare.

Ni manomi ne, da rani kuma ina fita farauta, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Fiye da shekara 20 ke nan gidana bai rabu da kare ba. Addini ya halatta ajiye shi don farauta da gadin gona da na dabbobi, kuma duk wanda ya ajiye shi, haƙƙinsa ya hau wuyansa.

A daminar bara kaska ta cika wa karena Duna kunnuwa da tsakanin yatsu, ya rame, ya daina cin abinci. Wani ya ba ni shawara in dama fiya-fiya da ruwa in yi masa wanka. Na yi. Ba a yi awa ɗaya ba ya fara dalalar da yawu, jikinsa na karkarwa, kafin la'asar ya mutu a gabana. Shekara shida muna shiga daji tare. Har yau abin yana ci mini rai, domin da hannuna na zuba masa.

Bayan haka ne na nemi likitan dabbobi ya duba sauran karnukana biyu. Ya buɗe bakin ɗaya ya nuna mini dasashinsa, ya yi fari fat. Ya ce kaska ba shan jini kaɗai take yi ba, tana sa wa kare ƙwayar cutar da ke fasa jininsa, shi ya sa za ka ga zazzaɓi da kasala, wani lokaci fitsarin ya yi duhu. Akwai maganin wanka na musamman da ake aunawa daidai, akwai kuma allura idan cutar ta shiga jini. Dole kuma a share makwancinsa, don a tsagar bango da ƙasa kaska ke ɓuya. Haka ƙazuwa, wadda muke shafa wa baƙin mai na inji: man ƙona fatar yake yi, karen kuma ya lashe ya shiga cikinsa.

Tsutsar ciki ita ce ke sa kwikwiyo ya yi ƙaton ciki da ƙananan ƙafafu. Yanzu duk wata uku nake ba nawa magani, saboda ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, yaranmu kuwa a wannan ƙasar suke wasa su sa hannu a baki. Idan kwikwiyo ya fara amai da gudawar jini mai wari, kada a kwana da shi a gida, rashin ruwa ke kashe su cikin kwanaki kaɗan, kuma akwai rigakafinta tun suna 'yan makonni. Maganin ciwon jiki na mutane ma kada a ba kare, yana iya lalata masa ciki da ƙoda.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa, to da wuya a yi labari mai daɗi. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani shiru zai yi, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya cusa hannu a bakinsa. Na ga an yi haka.

A garinmu har yanzu idan kare ya ciji yaro, sai a ƙona gashin karen a shafa a ciwon. Don Allah a bari. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar don a fara allura, kuma a kammala ta. Karen, idan na gida ne, a tsare shi kwana 10 ana dubawa, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a kai yaron.

Rigakafin karnuka kuwa a ƙasar nan ake yin sa, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ana yi wa kare tun yana wata uku, a maimaita duk shekara. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar takan daina yaɗuwa. Matsalarmu mu mutanen karkara ita ce nisa: wane mai mota ne zai yarda ka shiga da kare?

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su turo malaman dabbobi ƙauyuka, kamar yadda ake zuwa yi wa shanu allura. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. A sanar da dagatai da sarakunan farauta tun da wuri. Mu a ƙungiyarmu ta mafarauta mun yi magana, ranar da aka sa za mu kawo karnukanmu ƙofar gidan mai gari, kowanne da igiyarsa.

Na gode.

Wani mafarauci mai karanta jaridarku,
daga Ƙaramar Hukumar Giwa, Jihar Kaduna.