Sanarwa kan jera hoto da bayaninsa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu fama da bayanin hoto da ke zamewa gefe idan an buɗe shafin intanet a waya, ga gyaran: ku haɗa hoton da bayaninsa cikin figure guda (alamar HTML, yaren gina shafin intanet, mai riƙe hoto da bayaninsa), bayanin a figcaption (alamar rubutun bayanin hoto). A CSS (yaren tsara kamannin shafi) ku ba hoton max-width: 100% da height: auto, in ba haka ba hoto mai faɗi zai wuce allon waya. Burauza tana ba figure tazarar fiksel 40 hagu da dama, ku mayar da ita sifili. Ku rubuta width da height (faɗi da tsayin hoton) a img (alamar saka hoto), kada rubutu ya riƙa tsalle lokacin da hoto ke buɗewa. Alt kuwa, wato rubutun da ake sa wa img a madadin hoton, don makafi masu manhajar karanta allo ne. Kada ku maimaita bayanin a ciki, sau biyu za a karanta musu.