Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimin Dala Kan Koyar Da 'Yan Sakandare Sana'a Da Kasuwanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa masarauta daraja. Mu talakawanka ne, iyayen yara daga Gwammaja, Ƙofar Mazugal, Adakawa, Madigawa da Gobirawa, tare da wasu malaman makaranta da 'yan kasuwa. Mun biyo ta hannun masu unguwanninmu domin mu kawo kukanmu gabanka a kan 'ya'yanmu da ke sakandare.

A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta shigar da darussan sana'a guda 34 cikin manhajar babbar sakandare, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, aka kuma fara jarrabawarsu a WAEC a 2014. A wancan lokaci, a ciki akwai ɗinki, rini, dukanci, kiwo, gyaran waya da ajiye lissafin kasuwanci. Mun yi murna a lokacin. Amma abin da muke gani a gidajenmu, ranka ya daɗe, shi ne sana'ar ta tsaya a allo. Ɗaya daga cikinmu yana da ɗa da ya rubuta jarrabawar darasin sana'a ya ci, alhali shekara uku bai taɓa riƙe kayan aikin da hannunsa ba. Zanensu kawai ya kwafa a littafi ya haddace sunayensu. Ba mu zargin malamai. Malami ɗaya a gaban aji cike maƙil, babu kayan aiki, babu wuta, me zai yi da ya wuce rubutu?

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne gwanayen suna nan kusa, wasunsu ma tafiyar ƙafa daga ƙofar makaranta. Kasuwar Ƙofar Ruwa tana cikin ƙasarka. Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana maƙwabtaka da mu. Ga marinar Ƙofar Mata, ga masu takalma a Ƙofar Wambai, ga Kantin Kwari, ga masu gyaran waya a Farm Centre. Garin da ya fitar da Alhassan Ɗantata, wanda ya taso daga fataucin goro a hanyar Gwanja har ya kai ga dalar gyaɗa, bai kamata a ce ɗan wannan gari ya gama aji shida na sakandare bai san bambancin jari da riba ba.

Wannan batu na jari da riba shi ne ainihin kukanmu. Koyon aikin hannu rabin tafiya ne. Mun sha ganin yarinya ta iya haɗa turaren wuta da humra, ko ta iya zanen lalle, tana tallata kayanta a WhatsApp, ciniki yana shigowa, amma bayan wata uku jarin ya narke. Ba ta lissafa kuɗin mota zuwa sari ba, ba ta lissafa kwalba da gawayi ba, 'yan'uwa sun ɗauka bashi ba a rubuta ba, abin da ya shigo da rana an yi cefane da shi da dare. Haka samarin da ke buɗe rumfar POS su rufe kafin shekara ta zagayo. Iyayenmu sun koyi waɗannan abubuwa a zaman shago a gaban ubangida: yadda ake yanka wa kaya kuɗi, wa ake ba bashi wa ake ba haƙuri, yadda ake ware uwar kuɗi ba a taɓa ta ko ana biki a gida. Yaron boko na yau ya rasa wannan zama, makaranta kuma ba ta maye masa gurbinsa ba.

Saboda haka muke roƙon Mai Girma Hakimi ya kira zama a fadarsa, ya haɗa shugabannin makarantun sakandaren yankin nan da Sarkin Kasuwa, Sarkin Maƙera da sauran shugabannin masu sana'a. Mu idan muka je wurin ɗan kasuwa zai ce mu dawo gobe. Kiran fada kuwa ba a ƙin amsa shi. Muna so a tsara yadda ɗaliban aji huɗu da aji biyar za su riƙa zama a wurin amintattun masu sana'a lokacin dogon hutu da safiyar Asabar, ba tare da an taɓa lokacin Islamiyya ba. Mai unguwa ya san ubangidan, uba ya sa hannu, malami ya riƙa leƙawa. 'Yan mata a haɗa su da mata masu sana'a a cikin gidajensu. Muna jaddada cewa koyo muke nema, kada a mayar da yaran 'yan aike ko a ɗora musu talla.

Muna kuma roƙon a samu 'yan kasuwa masu gaskiya su riƙa shiga aji ko sau ɗaya a wata, su nuna wa yara littafin shige da ficen kuɗi na zahiri, da yadda ake adashi, buɗe asusun banki da yi wa kasuwanci rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Limamanmu su ƙara da hukuncin ciniki: cika mudu, bayyana aibin kaya, nisantar riba ta haram da fitar da zakka.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, don haka muna roƙon ka isar da wannan takarda ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Ilimi, ko a samu kekunan ɗinki da kayan gyaran waya a makarantu. Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Teloli, masu walda da masu shaguna daga cikinmu sun yi alkawarin karɓar ɗalibai kyauta a hutu mai zuwa, sunayensu suna haɗe da wannan takarda. Duk ranar da fada ta sa, za mu hallara.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Hakimi lafiya da nisan kwana.

Talakawanka masu biyayya,
A madadin iyayen yara, malamai da masu sana'a na ƙasar Dala.