Takardar Koke Kan Zagin Ƙabilanci Daga Bakin Masu Riƙe da Muƙami

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa da biyayya irin wadda 'ya'ya ke yi wa uba, tare da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, mu mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da Sabon Gari a nan birnin Kano, dattawa da limamai da 'yan kasuwa da iyaye mata, muna neman afuwa bisa damun ka da wannan takarda. Mun so a ce maganar baki ta wadatar, amma abin da ya faru a makon jiya ya wuce a yi shiru a kansa.

Kamar yadda labari ya riga ya iso fada, an yi taron siyasa a filin da ke bayan kasuwarmu, inda wani mai riƙe da muƙamin gwamnati, mutumin da ake biya albashi da kuɗin jama'a, ya karɓi lasifika ya shiga zagin maƙwabtanmu 'yan kudu, musamman Igbo. Ya kira su da sunan nan na wulaƙanci wanda kunya ba za ta bar mu mu rubuta shi a takardar da za ta shiga hannunka ba, ya kwatanta su da ƙwari, ya kuma nuna cewa su ne sanadin tsadar kaya da rashin aikin yaranmu. Yana faɗa, 'yan jagaliya na tafi, wasu na ɗauka da waya. Kafin sallar isha'i bidiyon ya cika WhatsApp da TikTok, washegari kuma sojojin baka suka ɗauki maganar zuwa gidan rediyo suna maimaita ta suna dariya, kamar wani abin bajinta aka yi.

Ranka ya daɗe, mu ne muka ga abin da ya biyo baya. Layin masu sayar da kayan gyaran mota ya wuni a rufe, masu shaguna suna tsaye nesa da makullai a hannu suna kallon hanya. Wata dattijuwa mai sayar da garin rogo da manja, wadda ta haifi 'ya'yanta a nan, take jin Hausa kamar kowannenmu, yara 'yan firamare suka bi ta suna rera mata wannan suna har ƙofar gidanta, ta shige tana share hawaye da gefen zaninta. Yaran nan ba su ƙirƙiro komai ba, abin da suka ji babba ya faɗa aka tafa masa shi suka maimaita. A daren kuma wayoyinmu ba su huta ba, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke neman abinci a Anacha da Aba da Fatakwal, masu sayar da albasa da masu acaɓa da masu gadi, sun yi ta kira suna tambaya ko su tattara kayansu, tunda bidiyon ya isa can an fassara shi.

Wannan ba shi ne karon farko ba. Mun kai kuka wurin masu unguwa, mun tura dattawa ofishin jam'iyya, mun je gidajen rediyo, an karɓe mu da shayi da kyakkyawar magana, an ce za a duba, an ce za a ja kunne, an ce siyasa ce mu yi haƙuri. Haƙurin mun yi, sai dai kowane karo zagin ƙara kauri yake yi, har ga shi yau ya fito daga bakin wanda ya yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa zai yi wa kowa adalci.

Allah ya taimake ka, tsoronmu yana da tushe, kuma kai ka fi mu sanin tarihin garin nan. A 1999 rikici ya tashi a Shagamu ta jihar Ogun, aka kashe Hausawa, da gawawwaki da masu gudun hijira suka iso Kano sai ramuwar gayya ta faɗa kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A watan Fabrairun 2021 saɓani tsakanin mutum biyu ya zama sanadin ƙone kasuwar Sasa a Ibadan, sai da gwamnonin arewa suka tafi can da kansu. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar dawowa gida yin sallah, aka kashe su kisan gilla, kuma yawancinsu 'yan jihar Kano ne. Waɗanda suka yi wannan aika-aika an daɗe ana cusa musu cewa duk ɗan arewa ɗan ta'adda ne ko mai garkuwa da mutane, har suka daina ganin mutum a gabansu. Mun yi kuka a lokacin, mun ce a daina yi mana kuɗin goro. Da wane baki za mu sake faɗin haka idan manyanmu suna yi wa wasu irin abin da muke ƙorafi a kai?

Wasu daga cikin magoya bayan wannan mutum suna cewa 'yancin faɗin albarkacin baki ne, dimokuraɗiyya ake yi. Mu ma muna son wannan 'yanci, kuma ba mu zo neman a ɗinke bakin kowa ba. Kano gari ne da ya san darajar magana tun zamanin NEPU da Malam Aminu Kano, lokacin da talakawa suka sha ɗauri da bulala saboda sun faɗi abin da ke ransu. Ba mu goyi bayan ƙudirin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya gabatar a 2019 ba, wanda ya tanadi hukuncin rataya a kan kalaman ƙiyayya da suka jawo asarar rai, domin mun san irin wannan doka talaka mai sukar gwamnati za ta fara ci. A soki gwamna, a soki shugaban ƙasa, a soki farashin kaya, har a soki ɗan kasuwar da ya yi algus ko daga ina ya fito, duk wannan haƙƙi ne. Amma a ɗauki ƙabila sukutum a mayar da ita abin ƙyama, daga kan mumbarin hukuma, a garin da ya taɓa ganin jini a kan irin wannan, wannan cin amanar muƙami ne. Maganar mai shayi a bakin titi tana ƙarewa a teburinsa, ta mai muƙami kuwa matasa suna ɗaukar ta a matsayin izini.

Kuma dokar ƙasa ba ta bar wannan a buɗe ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi domin zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 92, ta haramta yaƙin neman zaɓe da kalaman da za su taɓa ƙabila ko addini, ta kuma tanadi tarar da ta kai naira miliyan 5 ko ɗaurin wata 12 ga ɗan takara. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ma, a sashe na 26, ta hana zagin mutane a fili saboda ƙabilarsu. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, idan yaro ya rubuta wata magana a Facebook a kan babban mutum, ba a jimawa ake nemo shi, amma babban mutum ya zagi al'umma guda a gaban jama'a, ko gayyatar ofishin 'yan sanda ba a yi masa ba. Sama da duk wannan, Allah Maɗaukaki ya hana jifan juna da miyagun laƙubba a Suratul Hujurat, aya ta 11, ya kuma sanar da mu a aya ta 13 cewa ya yi mu ƙabilu ne domin mu san juna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka da ka kira wannan mutum fada, ka sa ya janye maganarsa ya nemi gafara a fili, a gidan rediyon da aka yaɗa ta, da irin ƙarfin muryar da ya yi zagin. Muna roƙon ka isar da kokenmu ga Majalisar Masarauta da gwamnatin jiha, domin a duba ko wanda ya yi wannan ya cancanci ci gaba da riƙe muƙami. Muna roƙon a gayyaci shugabannin jam'iyyu duka, na gwamnati da na adawa, da masu gidajen rediyo, su sa hannu a gabanka cewa duk wanda ya zagi ƙabila ko addini za a yanke shi daga iska nan take, ba tare da an fake da wannan an hana sukar gwamnati ba. Muna roƙon a umarci limamai su yi huɗuba a kan lamarin, a kuma ja hankalin shugabannin makarantu game da abin da yara ke rerawa a hanya. Muna roƙon ka haɗa mu zama ɗaya da shugabannin al'ummar Igbo da Yarabawa da sauran mazauna Sabon Gari, su ji daga bakinka cewa suna cikin amanarka. Kuma muna sake roƙo, ranka ya daɗe, kada neman gafarar ya zama na ɗaki ko ta bakin wakili, domin a fili aka yi ɓarnar, kuma 'ya'yanmu da ke zaune a kudu suna jiran abin da za su nuna wa maƙwabtansu.

Muna fatan samun amsa kafin taron siyasa na gaba da aka ce za a yi a wannan fili. Sunayenmu da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda, kuma a shirye muke mu bayyana a gabanka duk ranar da ka kira mu.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara girma da ɗaukaka.

Mu ne masu biyayya a gare ka,
Dattawa, limamai, 'yan kasuwa da iyaye mata na unguwannin da ke maƙwabtaka da Sabon Gari, Kano.