Amsa ga Alhaji: amanar fasinjan jirgin ruwa tana wuyan wa?

Assalamu alaikum Alhaji. Allah ya ƙara girma.

A gaban jama'a ka yi mini tambayar, wajen zaman 'yan kasuwa a Aboabo ta Kumasi, shi ya sa nake ba ka amsa a fili. Cewa ka yi: mai jirgi ne ke karɓar kuɗin fasinja, shi ya san lafiyar jirginsa, kuma ba mai hankalin da zai so dukiyarsa ta nutse, to me ya kawo gwamnati ciki, in ba neman haraji da takarda ba?

Alhaji, da girmamawa, ban yarda ba. Gaskiya ne mai jirgi ba ya son asara. Amma ribar lodi kullum take shiga aljihu, haɗari kuwa sai an jima yake zuwa, kuma kowa na zaton ba a kansa zai faɗa ba. Wanda ya ƙara mutum ashirin yau ya sauka lafiya, gobe talatin zai ƙara. Fasinja kuma ba shi da yadda zai leƙa ƙasan jirgi, ko ya san ko matuƙi ya yi barci jiya. Kuɗi kawai ya biya ya zauna. A bar wa mai cin riba shi kaɗai ya auna iyakar lodinsa, an ba kura ajiyar nama.

Sai dai kada a ce na wanke kamfani. Titanic da ya nutse a 1912 yana ɗauke da mutum fiye da 2,200, kwale-kwalen ceto 20 ne a cikinsa, waɗanda ba za su ɗauki fiye da mutum 1,178 ba. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne kamfanin bai karya doka ba. Dokar Ingila ta 1894 ce, an rubuta ta ne tun jirage ba su kai wannan girma ba, kuma abin da ya tanada ma ya ɗara abin da ta nema. Masu jirgin sun san yawan kujerun da suka sayar, sun iya lissafi, suka fake da tsohuwar takarda. Fiye da mutum 1,500 suka halaka. Bayan nan ne aka yi yarjejeniyar SOLAS, ta ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, a 1914, wadda aka sabunta a 1974. A 1987 kuma wani jirgin fito ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya shiga, mutum 193 suka mutu, bincike ya kai laifin har kan manyan kamfanin da ke zaune a ofis.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne jirgin Joola na Senegal. Ran 26 ga Satumba 2002 ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife a gaɓar Gambiya. An ƙera shi ne don mutum ƙasa da 600, ya ɗauki kusan 2,000. Ƙididdigar hukuma ta ce 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira. Ya fi Titanic yawan mamata, amma 'ya'yanmu ba su san sunansa ba. Jirgin nan na gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi. Mai jirgi da mai duba jirgi gida ɗaya suka fito, don haka ba wanda ya iya tsayawa a bakin tasha ya ce ba za a tashi ba. A nan nake ganin asalin maganar: mai dubawa ya zama daban da mai jirgi, albashinsa ba ya hannunsa, kuma in ya ce a sauke kaya a sauke.

Mu dawo gida. Yawancin mutanenmu ba teku suke shiga ba, tafkin Volta suke tsallakawa: daga Yeji zuwa Makango a nufi Salaga, ko Dambai, ko Kete Krachi, da doya da banda da gawayi, wani lokaci har da shanu. Tun da aka datse ruwa a Akosombo a 1965 kututturan itatuwa ke tsaye a ƙarƙashinsa, suna fasa cikin kwale-kwale. SOLAS kuwa jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa ta shafa. Na cikin gida kowace ƙasa ce ke tsara nata. Ke nan matar da ta hau kwale-kwale a Yeji da goyo a baya ba ta da wata kariya sai dokar Ghana, da Hukumar Sufurin Ruwa da aka kafa a 2002, da tsoron Allah na mai jirgin. Cire kututture da sa alamar hanya a ruwa ba aikin ɗan fito ɗaya ba ne, na gwamnati ne. Rigar ceto ga kowane fasinja, da ƙin tashi in hadari ya haɗo ko dare ya yi, wannan kuma ba sai jami'i ya zo ba, mai jirgi ya san haƙƙi ne a kansa.

Akwai kuma namu rabon, Alhaji, mu masu kaya. Mu ne ke roƙon a ƙara buhu biyu don kada kasuwa ta wuce mu. Maganarka tana da nauyi a wajen fatake. Ina roƙonka ka kai batun nan zaman ƙungiya mai zuwa, a yanke cewa ɗan ƙungiya ba zai ɗora kaya a jirgin da ba shi da rigunan ceto ba, sannan a rubuta wa 'yan majalisarmu a nemi jami'in dubawa na dindindin a kowace tasha ranar kasuwa.

Wassalam.
Ɗanka, daga Aboabo, Kumasi.