Rairayin da ke cike Kogin Isa daga tudu yake gangarowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina game da kare Kogin Isa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira Kwara. Duk lokacin da aka tayar da zancen a tasharku, akasarin masu bugo waya abu ɗaya suke nema, wato gwamnati ta kawo injuna a yashe kogin. A ganina yasa ita kaɗai asarar kuɗi ce muddin ba a tare rairayin daga inda yake fitowa ba.

Ba hukuma muka rasa ba. Tun 1964 ƙasashen da ke cin moriyar kogin suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda aka sake wa fasali a 1980 a garin Faranah na ƙasar Gini ta zama ABN, wato hukumar kula da yankin Kogin Isa, mai ƙasashe 9, kuma cibiyarta a nan Yamai take. A 2008 shugabannin suka amince da yarjejeniyar ruwa, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa sanar da sauran kafin ta soma babban aikin da zai taɓa ruwan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwan da ke cika kogi ƙarƙashin gadar Kennedy a watan Janairu damanar Gini ce ta zubar da shi watanni da suka gabata, sai da ya ratso Mali kafin ya iso mana.

Amma ruwan da ke yi mana ɓarna wani ne daban, shi ne jan ruwan Agusta da Satumba wanda Gorouol da Dargol da Sirba ke kawowa daga wajen Burkina Faso, tare da ƙoramun da ke kewaye da birni. Jan nan da muke gani ƙasar gonaki ce. Idan aka sare itatuwan tudu don itacen girki, iska da rana suka bugi ƙasa ta koma fako, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwaranya da ƙarfi yana tona kwazazzabai, ya kwashi rairayi ya jibge a cikin kogi. Da haka cikin kogin ke ta cikewa, shi ya sa da damana yake tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2012 da 2020 lokacin da ya fasa shingaye ya shiga unguwannin Harobanda ya cinye shinkafar Saga, da rani kuma tsibiran rairayi su fito har kwale-kwale ya rasa hanya. Dattawa ba su manta da Yunin 1985 ba, lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai.

Wasu na cewa madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008, za ta magance komai. Ina fatan a kammala ta, don za ta riƙe mana ruwan rani ta kuma ba da lantarki megawat 130, sai dai Dargol da Sirba a ƙasa da madatsar suke shiga kogi, saboda haka rairayinsu bai san da ita ba.

Maganin kuwa mun san shi, kuma a ƙasarmu aka gwada shi. Aikin Keita na jihar Tawa, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya, ya nuna cewa jerin duwatsu da ramukan rabin wata da ƙananan madatsai a bakin ƙorama suna iya mayar da fako gona, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wahalar. Irin wannan aiki ABN ta yi a Mali da Burkina Faso da Nijar da kuɗin Bankin Raya Afirka cikin shirin yaƙi da cikewar kogi, sannan shirin PIDACC na raya yankin kogin da jure wa sauyin yanayi ya biyo baya. Ban raina ko ɗaya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an rufe furoje: motoci sun tafi, mai gadi ya daina samun albashi, dabbobi sun cinye dashen, ramuka sun cike, kuma ba wanda ya san mai filin da aka farfaɗo, balle ya kula da shi. Kowa ya san abin da ke samun kayan da ba su da mai shi.

Don haka ina ganin duk wata yarjejeniya da za a ƙulla da masu ba da tallafi ya kamata ta fayyace tun farko hannun wa filin zai koma, a rubuta shi a gaban kwamitin kula da filaye na ƙaramar hukuma, tare da hakimai da manoma da makiyaya, domin makiyayin da aka toshe wa burtali ba tare da shawara ba, ba zai ga dalilin kare shukar ba. A kuma ware kuɗin gyara na shekarun da ke biyo baya cikin kasafin ƙananan hukumomi. Na san rashin tsaro ya hana isa wurare da dama a jihar Tillaberi, amma tudun da ke kewaye da Yamai ba su fi ƙarfinmu ba.

Mu mutanen birni ma da namu laifin. Ƙoramar Gunti Yena kullum tana kai wa kogi shara da ruwan ƙazanta, alhali daga kogin nan ake jan ruwan da ake tacewa a Gudel da Yantala, dokar hana leda ta 2014 kuwa har yau a takarda take.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilanka su hau tudu su ga wuraren da aka yi aiki shekarun baya, kuma idan jami'i ya zo tasharku ya faɗi yawan kadadar da aka farfaɗo, a tambaye shi nawa ne daga ciki ke da rai yau, da kuma wanda ke kula da su.

Wassalam,
Mai sauraronku daga unguwar Gamkale, Yamai