Godiya ga cibiyar da ta auna gumina kafin ta ba ni shawara

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan cibiyar kula da lafiyar 'yan wasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin alherin da kuka yi mini ya fi ƙarfin "na gode" ta bakin ƙofa, kuma na san masu gudu irina da yawa suna cikin duhun da kuka fitar da ni.

Na zo wurinku ina shirin gudun fanfalaki na farko a rayuwata, mai kilomita 42.195, ga shi atisayen ya faɗo tsakiyar zafi. Duk ranar dogon gudu, da na haura awa biyu sai ƙafafu su yi mini nauyi, kai ya ɗau sara, zuciya ta riƙa tashi. Na ɗauka ƙarancin ruwa ne, sai na dinga ɗura wa cikina gora bayan gora, ko da ƙishirwa ko babu. Rannan na dawo yatsuna sun kumbura har zobe ya ƙi fita. Hankalina ya tashi, washegari na nufo ku.

Na shigo da zaton za a miƙo mini jerin kayan da zan saya. Sai Malama mai kula da abincin 'yan wasa ta ce in hau sikeli. Ta auna ruwan gorata, ta sa na yi gudun awa ɗaya a kan injin gudu a ɗaki mai ɗumi, na goge jiki, na sake hawa sikelin. Lissafin ba wuya: kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya ta gumi, sai a haɗa da abin da aka sha a hanya. Nawa ya kama wajen lita ɗaya a awa, ni kuwa ina shan abin da ya zarce haka nesa. Ta ce wani rabin lita yake zubarwa, wani lita biyu ko fiye, saboda haka ba a aron ma'aunin wani. Wannan magana kaɗai ta isa in rubuta wasiƙa.

Daga nan Likita ya zaunar da ni, bai yi gaggawa ba. Ya bayyana mini cewa gumi yana fita da gishiri, idan kuma mutum ya yi ta zuba ruwa zalla fiye da abin da ya rasa, sinadarin sodiyam na jini, wato gishirin da ke cikinsa, sai ya tsinke. In ya sauka ƙasa da 135 a ma'aunin asibiti, an shiga matsala, in ya yi ƙasa sosai ƙwaƙwalwa na iya kumbura har a rasa rai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne alamomin sun yi kama da na bushewar jiki: ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa. Mai gudu sai ya ƙara sha yana neman sauƙi, ashe cutar yake ƙara wa kansa. Ya ba ni misali da tseren fanfalaki na Boston, a Amurka, na 2002, inda aka gwada jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka tarar kashi 13 cikin ɗari suna da wannan matsala. Bai kuma bar ni na koma ɗaya gefen ba. Ya ce idan nauyi ya ragu da fiye da kashi 2 cikin ɗari, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, ƙarfi zai ja baya, bugun zuciya ya hau. Amma in ka dawo daga gudu ka fi nauyin da ka fita da shi, ka sha ya wuce kima.

Nauyin ƙafafun nan kuwa, ashe yunwa ce. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce minti 90 zuwa awa biyu ana gudu sosai. Malama ta tsara mini giram 30 zuwa 60 na sinadarin abinci mai ba da kuzari, wato sukari da sitaci, a kowace awa, in fara tun kafin in ji na gaji, kaɗan-kaɗan duk bayan minti 20, tare da ruwan 'yan wasa mai gishiri da sukari. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana ba da kusan giram 25 na wannan sinadari. Makon farko cikina ya yi gardama. Na kira ta, ta ce in rage, in riƙa ƙarawa a hankali, shi ma ciki sai an koya masa, kuma kada in kuskura in gwada sabon abu ranar tsere.

Kan zafi, kun ce jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba, in fita tun da asuba, in rage sauri ba tare da jin kunya ba. Da na nuna ɗan taurin kai, Likita ya tuna mini gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi cikin zafin Doha, a Qatar, a 2019: da tsakar dare aka fara tseren mata, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su kai ƙarshe ba, kuma gwanayen duniya ne. Jikina ya yi sanyi. Ya kuma koya wa abokin guduna cewa in ya ga ina tangaɗi ko maganata ta rikice, ya tsayar da ni, ya jiƙa ni da ruwan sanyi ko ƙanƙara nan take, ya nemi taimakon gaggawa.

Ina gode wa ƙanina da ya tsaya kusa da injin gudu awa guda cur yana lura da ni, da baiwar Allah mai karɓar baƙi da ta sama mini lokaci ranar da na zo a ruɗe. Makon jiya na yi kilomita 30, na dawo da ƙafafuna, zoben ma ya fita lafiya. Zan sake zuwa a auna ni idan yanayi ya sauya, kamar yadda Malama ta umarta.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku,
Wani mai gudun dogon zango